Wutsiyar hanji: abin banza ce ko tana da aiki?

Akokan gari ne da ƙarfen yuraniyom ya haifa a tsakiyar hamada, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit. An kafa kamfanin Cominak a 1974, ya fara fitar da ƙarfe a 1978, ya rufe ramukansa ranar 31 ga watan Maris 2021. A zamanin da aiki ke ci, Cominak da Somaïr kowane ya gina asibitinsa, domin daga nan zuwa Agadas tafiyar kilomita wajen 240 ce, kuma akwai cututtukan da ba su jiran mota. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira apandisit, wato kumburin wutsiyar hanji.

Wannan wutsiya ɗan reshe ne mai kama da tana, tsawonsa bai cika wuce ɗan yatsa ba, wajen santimita 8 zuwa 10. Yana manne da mafarin babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama, kuma ƙarshensa a toshe yake. Duk da ƙanƙantarsa, ya fi shekara 150 yana haddasa gardama tsakanin masana.

Tushen gardamar shi ne littafin da Bature ɗan Ingila Charles Darwin ya wallafa a 1871 game da asalin ɗan Adam. Darwin ya lura cewa dabbobi masu cin ciyawa, irin doki da jaki, suna da babbar jaka a wannan wuri na hanji, inda ganye ke narkewa. Sai ya ce kakannin mutum na can da nisa su ma suna da irin wannan jaka, amma da abincinsu ya sake sai ta tsuke, wutsiyar nan ce ta rage. A ganinsa ba ta da amfani, har ma takan yi kisa. A 1893 wani Bajamushe, Robert Wiedersheim, ya jera sassan jiki 86 da ya ce saura ne na halittar da, ya sa wutsiyar hanji cikinsu.

Masu adawa da Darwin, Kirista da Musulmi, suka ce Mahalicci bai yin komi a banza, kuma kowane jinsi an halicce shi yadda yake tun farko. Rigimar koyar da ra'ayin Darwin a makaranta ta kai gaban alƙali a Amurka a 1925. A 2007 kuma wani marubucin Turkiyya mai laƙabin Harun Yahya ya aika wa makarantun Faransa wani ƙaton littafi na ƙaryata Darwin.

To, mene ne bincike ya nuna? Likitoci sun gano cewa bangon wutsiyar cike yake da ƙwayoyin da ke taimakon jiki wajen kare kai daga cuta, musamman lokacin ƙuruciya. A 2007, William Parker da Randal Bollinger na jami'ar Duke ta Amurka suka kawo wani bayani: hanjin mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani, kuma idan zawo mai tsanani ya wanke ciki, waɗanda suka ɓuya cikin wutsiyar su ne za su fito su sake yaɗuwa. Kamar manomi ne da ke ɓoye damin iri a rumbu saboda shekarar fari. Daga baya, a 2017, Heather Smith da abokan aikinta suka duba jinsin dabbobi masu shayarwa 533, suka tarar wutsiyar ta bayyana a zuriyoyi dabam-dabam wajen sau 30, kuma da wuya zuriyar da ta same ta ta rasa ta. Zomo ma yana da ita.

Ke nan Darwin ya yi kuskure da ya ce ba ta da amfani. Sai dai waɗanda suka gyara kuskuren su ma almajiran iliminsa ne, da ma'auninsa suka yi aiki. Haka nan, a bakin masanan halittu, kalmar saura tana nufin sashen da ya bar aikinsa na farko, ko da kuwa ya kama wani sabo. Rabin gardamar a kan ma'anar wannan kalma ake yin ta. Maganar hikimar Mahalicci kuwa, wuƙar likita ba ta yanke ta, kowa da imaninsa.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne, in wutsiyar ta kumbura, rai na cikin haɗari, kuma mutum yana rayuwa lafiya lau bayan an cire ta. Tun 1735 Claudius Amyand ya cire wa wani yaro ita a birnin Landan. A 1961, likitan Rasha Leonid Rogozov, da ciwon ya kama shi a ƙasar ƙanƙara ta Antatika inda babu wani likita sai shi, da hannunsa ya yi wa kansa aiki, ya kuma warke. Mazaunin hamada ya san ma'anar irin wannan nisa.

A 1971 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta cewa ciwon bai da yawa a ƙauyukan Afirka inda ake cin hatsi da dusarsa, amma yana ƙaruwa inda aka koma ga farin gari da sukari. Wannan abin lura ne ga garuruwa irin Arlit da Akokan, inda burodi da taliya suka zauna kusa da tuwon gero.

Saboda haka, jama'a masu karatu, mu riƙe alamomin. Ciwon yakan fara a wajen cibiya, bayan wasu awoyi ya gangara ƙasan ciki ta dama. Yakan zo da tashin zuciya, amai, ƙin abinci da ɗan zazzaɓi, kuma tari ko girgizar mota na ƙara shi. Wanda ya ji haka kada ya sha maganin wankin ciki, kada a yi masa sakiya ko tausa, kada ya ci abinci; a kai shi asibiti nan da nan. In aka yi jinkirin kwana biyu ko uku, wutsiyar na iya fashewa, ruɓa ta watsu cikin ciki. Likita ne kaɗai zai faɗi ko allura ta isa ko sai an yi aiki. Malaman yaƙi da jahilci da shugabannin unguwanni su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su karanta ba, musamman makiyaya da masu haƙar zinariya da ke nesa da gari.