Idan Ciyawa Ta Ƙi Zama, Me Za A Shimfiɗa Wa Yara A Tsakar Gida?

A sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Zariya, gidaje da dama suna da ɗan fili da aka keɓe wa ciyawa. Wannan ɗabi'a gadon gidajen Turawan mulkin mallaka ce, waɗanda suka fito daga Ingila, ƙasar da ruwan sama ba ya yanke mata. Mu kuwa daminarmu ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Ni kaina na shekara uku ina biyan 'yan garuwa domin ɗan filin da bai wuce mita 5 ba. Da na gaji na saki, ƙarangiya da tsidau suka gaje wurin, yara suka koma wasa a bakin titi. Abin da ya tilasta mini nazarin madadin ciyawa ke nan.

Abin da magidanta suka fi rugawa gare shi shi ne siminti ko intalok. Shararsu babu wuya, suna kuma daɗewa. Sai dai yaron da ya faɗo daga lilo a kan siminti, kansa ne zai biya bashin. Haka kuma siminti ba ya shan ruwa: ko dai ya kwanta ya zama matattarar sauro, ko ya kwarara waje ya ƙara wa maƙwabta ambaliya. Intalok ya ɗan fi dama, domin ruwa yana bin tsakankaninsa ya nutse.

Ciyawar roba, wadda ake yayi yanzu, tana da kyan gani, amma ba a yi ta domin ranarmu ba. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ita kuwa robar da rana ta daka takan wuce digiri 60, abin da ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. Tsakuwa kuma ba ta dace da gidan da ake da mai rarrafe ba, domin duk abin da ya tsinta baki yake kai wa, wani lokaci har hanci da kunne.

Rairayi ne ya fi tausasa faɗuwa, ga araha, ga shi yara suna son sa. Amma yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, a ƙarƙashin lilo ya kamata zurfinsa ya kai kimanin santimita 30. Na biyu, a riƙa rufe shi da dare, domin kyanwa takan mayar da shi makewayi, kashinta kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da tsutsar da kan shiga fata.

Akwai kuma abin da muka yi watsi da shi, wato daɓe. Iyayenmu mata sukan baza marmara, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi sumul. Daɓe bai kai siminti tauri ba, gyaransa kuma bayan damina bai taka kara ya karya ba.

Shawarata ita ce a raba filin gida uku: intalok a hanyar wucewa, daɓe a wurin guje-guje, rairayi a inda ake hawa da sauka. Sannan a dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da katanga, domin kowace irin shimfiɗa sai da inuwa take amfani.

Kafin magidanci ya biya magini, ya cire takalmi ya taka abin da ya zaɓa da tsakar rana. In ƙafarsa ba ta iya jurewa ba, ta ɗansa ba za ta iya ba.