Jan Tirela A Hanyoyin Burji Na Birnin Kudu Da Gwaram

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya nufi Bauchi zai ratsa Birnin Kudu a kan kwalta, ya hangi duwatsun nan da suka yi suna saboda zanen mutanen da da ke jikinsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya wuce abinsa ba tare da ya san halin da sauran hanyoyin ƙasar suke ciki ba. Amma malamin gona, da malamin asibiti, da mai haƙa rijiyar burtsatse, su aikinsu yana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Ƙauyuka da yawa a Birnin Kudu da Gwaram ba a isa gare su sai ta hanyar burji, wasu kuwa sai ta turbar da amalanke da babura suka fitar. Sau da yawa kuma motar da ke shiga waɗannan wurare ba ita kaɗai take tafe ba, akwai abin da take ja: tankin ruwa, ko injin ba da wuta, ko injin sussuka, ko tirelar taki, ko kuwa ɗakin nan na tafi-da-gidanka da 'yan kwangila ke kafawa a wurin aiki.

Wata shekara da kaka na bi wata motar aiki zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwaram, muna jaye da injin ba da wuta a kan ƙaramar tirela mai taya biyu, sabuwa ƙal. Motar ko tari ba ta yi ba. Tirelar ce ta ba mu kunya, domin notocin da ke ɗaure sifirin da sandar ƙarfen tayoyi sun kwance ɗaya bayan ɗaya saboda jijjiga, har tayar hagu ta koma baya ta ci jikin tirelar. Direba bai ji kome ba sai da aikin gama ya gama, don kuwa abin da ke faruwa a bayan mota ba ya zuwa sitiyari da wuri. A nan muka kwana, sai washegari aka ɗauko makaniki a kan babur. Ba a yi wa tirelar nan lodin da ya fi ƙarfinta ba. Laifinta ɗaya ne, watau an ƙera ta don kwalta, mu kuwa muka kai ta burji da gudun kwalta.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A ƙasar Ostireliya mutane da yawa suna da ɗakin tafi-da-gidanka mai gado da murhu da tankin ruwa, wanda suke ɗaurawa a bayan mota su shiga tsakiyar ƙasar, inda za a yi tafiyar yini ba a ga gari ba. Hanyar da suke kira Gibb River, a yankin Kimberley, tsawonta ya kai kilomita 660, ta Birdsville kuwa ta haura 500, kuma mafi yawansu tsakuwa ce da jar ƙasa. Tun da daɗewa masu ƙera waɗannan ɗakuna suka raba su iri biyu. Akwai na yau da kullum, na bin kwalta, akwai kuma na daji, mai ƙaƙƙarfan ƙashi, mai nisa da ƙasa, mai shokazoba, wanda aka rufe bututun ruwa da na gas da ke ƙarƙashinsa don kada tsakuwa ta fasa su. Suna kai na yau da kullum ɗin daji, ba a ce ba ya zuwa ba, amma sai da rani, da tafiyar hawainiya, da tsayawa a kai a kai ana duba shi. Mu a nan kusan duk abin da muke ja na yau da kullum ne, ko kuwa wanda mai walda ya haɗa a bakin titi da tsohon ƙarfen mota.

Babban abokin gaban tirela shi ne gargada, watau tudu da kwarin nan ƙanana da ke jeruwa a gicciye a kan burji kamar kunyoyin gona. Direbobi da yawa suna ɗora laifinta a kan mai katafila, ko a kan manyan motoci, ko iska. A shekarar 1963 wani masani mai suna Keith Mather ya bayyana gwajin da ya yi a Ostireliya, inda ya ɗaura taya a jikin sanda ya sa tana kewaya a kan yashin da aka baje sumul. Bayan ta yi ta kewayawa sai gargada ta fito da kanta. Abin da ke faruwa shi ne, taya ta hau ɗan tudu ta yi tsalle, inda ta dira sai ta tura ƙasa gaba ta tayar da wani tudun, wadda ta biyo baya ta ƙara masa, har abin ya cika hanya. A 2007 wasu masana na Kanada da Ingila da Faransa suka sake gwajin, suka ga ko tayar da ba ta da sifirin tana haifar da gargada, muddin gudunta ya wuce na mai sassarfa. Ashe ke nan duk busasshiyar hanyar burjin da motoci ke bi sai ta yi gargada, kowane ne ya gina ta.

To, a nan ne direba ke shiga tsaka mai wuya. Kowane tsohon direba ya san cewa in ya taka mota ta kai kilomita 70 ko 80 a sa'a, tayoyi sai su riƙa tsallake kwarin suna taɓa kan tudun kawai, jijjiga ta ragu, fasinja ya sami barci. Amma a wannan hali riƙon da taya ta yi wa ƙasa kaɗan ne, birki da sitiyari ba su da cikakken iko. Mota ita kaɗai tana iya tsira da haka. Tirela kuwa ba ta da direba, galibi ba ta da shokazoba, sifirin ne kawai, saboda haka kowane tudu duka ne a jikinta, sau dubbai a kowane kilomita. Noti ya kwance, walda ta tsage, wayar fitila ta tsinke, ƙofar ɗaki ta ɓalle. In kuwa ta fara wutsil-wutsil tana kaɗa wutsiya hagu da dama, tana iya juya motar da ke janta ta kifar da ita. Wanda ya ga haka a madubi kada ya danna birki da ƙarfi, sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak har ta natsu. Maganin da ya rage shi ne rage gudu sosai, da sassauta iskar tayoyin mota da na tirela da kamar kashi ɗaya cikin biyar don su riƙa shanye dukan. Amma fa a tuna a mayar da iskar in an hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Yadda aka yi lodi ma yana da nasa hukunci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sa kamar kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyin tirela, yadda wajen kashi 10 cikin 100 na dukan nauyinta zai sauka a kan ƙugiyar mota. In nauyi ya koma baya, hancin tirela sai ya ɗaga gindin mota, kaɗa wutsiya ya fara. Tankin ruwan da aka cika rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana tunkuɗa gefe zuwa gefe a kowace kwana. Bugu da ƙari, a Ingila da Ostireliya doka ta ce duk tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da nata birki. Mai karatu ya tuna cewa lita 1,000 ta ruwa kilo 1,000 ce cif, ban da nauyin tankin, sa'an nan ya dubi irin tankunan da ake ja a ƙauyukanmu, ya ƙirga nawa ne ke da birki. Sarƙar tsaro kuma, wadda ya kamata a gicciya biyu a ƙarƙashin ƙugiya don ta tare hancin tirela in ya kuɓuce, sau da yawa igiyar roba ce ke madadinta.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram tana da nata hali wanda ya bambanta da shimfiɗaɗɗen yashin arewacin Jigawa. Nan akwai duwatsu, akwai rafuka da ke gangarowa daga wajen ƙasar Ningi, akwai kwazazzabai da ruwa ke yankawa a gicciyen hanya. Mota tana iya gangara kwari ta haura lafiya, amma a daidai lokacin da take hawa, tirela tana kan gangara, sai ƙugiya ta daki ƙasa ko ta murɗe, doguwar tirela kuwa gindinta ya karce. Da damina abin ya fi haka muni. A watan Agusta na 2021 ruwa ya cinye wata gada a Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Wannan babbar hanya ce, ina ga ta ƙauye, wadda ba wanda zai kawo labarin ta yanke. Mai jan tirela ba shi da saukin ja da baya ko juyawa a siririyar hanya, don haka wajibi ne yaron mota ya sauka ya taka rafi da ƙafa da sanda kafin a shiga. Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani: boris ɗin taya da ya yi zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa da laka, giris ya lalace, bayan kwana biyu taya ta kama wuta ko ta fice ana cikin tafiya. Shi ya sa direban kirki yake tsayawa ya ɗan huta kafin ya ratsa ruwa, kuma duk inda ya tsaya sai ya kewaya ya ɗora hannu a cibiyar kowace taya ya ji wadda ta fi 'yar'uwarta zafi.

Duk wannan aikin direba ne, amma rabin laifin yana ofis. Jami'in da ya sa hannu aka sayo tirela saboda ta fi araha, bai tambayi inda za ta yi aiki ba, shi ya fara karya ta. Wanda kuma ya ba da umurni a kai inji ƙauye a dawo a yini ɗaya, alhali tafiyar da tirela tana cin ninkin lokacin da mota ita kaɗai ke ci, shi ya taka totur, ko da yake yana zaune a kan kujera. Ɗalibanmu na fasaha su ma ya kamata su lura da cewa ƙara shokazoba biyu, da noti mai kulle kansa, da safayar taya, kuɗinsu bai kai na jinyar injin da ya faɗo daga tirela ba.

Hanyoyin kansu suna da tarihi. Hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano ta gina hanyoyin karkara a shekarun 1980 da taimakon Bankin Duniya, hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta ƙara wasu, Jihar Jigawa kuma ta gaji rabonta da aka ƙirƙiro ta a 1991. Burji ba a gina shi a manta da shi, sai ana kankarewa ana ƙara tsakuwa ana yashe lambatu. A Ostireliya hukuma takan rufe irin waɗannan hanyoyi bayan an yi ruwa, ta ci tarar wanda ya bi, domin tarakta ɗaya mai jan lodi a kan jiƙaƙƙen burji tana haƙa ramin da kowa zai sha wahalarsa har rani. Mu ba za mu iya rufe wa manomi hanya ba, amma ƙananan hukumomi suna iya fito da katafila a kan kari. Kankare busasshen burji aikin banza ne, gargada takan dawo cikin 'yan makonni, sai ƙasa tana da sauran danshi take daddaɗuwa ta zauna. A Birnin Kudu da Gwaram wannan lokaci shi ne watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa, kafin motocin kwasar amfanin gona su fara zirya zuwa kasuwar Sara.