Ashe Ana Koyon Waƙa A Jami'a?

Duk shekara, idan lokacin cika takardun neman shiga jami'a ya kewayo, akan sami 'yar gardama a wasu gidajen 'yan Arewa mazauna Kurmi. Yaron da aka haifa a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, ya tashi yana jin Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turanci a makaranta, sai ya zo wa mahaifinsa da maganar wai shi kiɗa da waƙa yake so ya karanta. Uban kuwa abin da zai fara tambaya shi ne ko roƙo ne zai biya kuɗin makaranta a koya wa ɗansa.

Tambayar ba ta banza ba ce. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma makaɗi komai sunansa maroƙi ne a idon jama'a. Malaman addini ma sun daɗe suna saɓani a kan kayan kiɗa. To, amma kafin a yanke wa yaro hukunci, ya kamata a san abin da ake koyarwa a can, da abin da ba a koyarwa.

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ita ce ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar nan, a cikin 1961. Daga baya aka samu a Ile-Ife, da Ikko, da Fatakwal, da Uyo, da Abraka, da Awka, da sauransu. Watau dai yawancin waɗanda suka yi suna a Kudu suke, kusa da mai karatu. A nan kuwa ba a raina wannan ilmi. Farfesa Laz Ekwueme, ƙanen tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Dokta Alex Ekwueme, kiɗa ya karanta, kiɗa ya koyar a Jami'ar Ikko, kuma wannan bai hana a naɗa shi sarautar garinsu Oko ba. Fela Kuti ma da ya tafi Landan a 1958, makarantar kiɗa ta Trinity ya shiga.

Karatun na shekara huɗu ne. Abin da ake fara ɗora wa ɗalibi shi ne karatu da rubutun kiɗa. Akan ja layi biyar a kwance, a zuba musu waɗansu alamomi masu kama da ƙananan ludaya. Inda alama ta zauna shi ke nuna hawan murya ko saukarta, siffarta kuma ita ke nuna tsawon lokacin da za a ja ta. Wanda ya iya wannan zai ɗauki takarda ya rera waƙar da bai taɓa ji ba, kamar yadda mai karatu ke karanta wasiƙar wanda bai taɓa gani ba. Akwai kuma horon kunne: malami ya buga fiyano, ɗalibai su rubuta abin da suka ji, ba tare da sun leƙa hannunsa ba. Daga nan sai haɗa muryoyi, yadda murya huɗu, biyu na mata biyu na maza, za su tafi tare kowace da hanyarta ba tare da sun yi karo ba. Kowane ɗalibi dole ya taɓa fiyano, ya kuma zaɓi abin kiɗa guda ko muryarsa ya ƙware a kai. Ana karanta kiɗan Turai da tarihinsa, ana karanta kiɗan Afirka.

Shirya waƙa kanta da aikatawa ake koyonta. Malami zai ba da baiti ya ce a sa masa karin waƙa, ko ya ba da rabin kari ya ce a ƙarasa. Ɗalibi ya kawo, a rera a gaban 'yan aji, a nuna masa inda ya yi tsalle babu dalili, da inda ya maimaita abu har ya gundura, da inda ya ajiye mai rerawa babu wurin shan numfashi. Ya koma ya gyara. Wanda ya zaɓi wannan fanni, a shekarar ƙarshe sai ya gabatar da aikin kansa a gaban masu jarrabawa.

Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, a wannan tsari mai tsara kalmomi daban, mai sa musu kari daban. Taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024 misali ne: an tsinto kalmominsa daga rubutun mutum biyar, sa'an nan Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sanda, ya yi masa kiɗa. A wurin makaɗin Hausa kuwa kalma da kari da kiɗa tare suke faɗowa, daga baki ɗaya.

A nan ne maganar take da nauyi. Hausa, kamar Yarbanci da Ibo, harshe ne mai hawa da saukar murya. Wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha, a rubuce haruffansu ɗaya, murya ce ke raba su. Haka kukan yaro da kukar miya. Garin da ake zama da garin tuwo kuwa, jan wasali ne ya raba su. Idan aka ɗauko karin da aka yi don Turanci aka cusa masa kalmomin irin wannan harshe, sai ma'ana ta karkace. Yarbawa da Ibo sun sha wannan tun zamanin da 'yan mishan suka fassara waƙoƙin coci suka bar musu karin Ingila. Masana kiɗansu, irin su Fela Sowande da Akin Euba da shi Ekwueme, sun ba da himma wajen gina kiɗan zamani a kan muryoyin gida. Euba ma a kan gangar dundun ta Yarbawa ya yi digirinsa na dokta, gangar da ke magana kamar yadda kalangu ke yi. Saboda haka ɗalibin Bayarabe ko Ibo yana shiga aji ya tarar an share masa hanya, ga littattafai ga malamai masu jin harshensa.

Ɗan Hausa fa? Shi sai ya share wa kansa. Malamin da ba ya jin Hausa zai duba takardarsa ya ga layi ya tafi daidai, ya ba shi maki mai kyau, alhali kuwa da za a rera wa wata tsohuwa a Sabo waƙar, dariya za ta yi, don an ja gaɓar da ba a ja, an gajarta wadda ake ja. Masana irin su Farfesa Russell Schuh na Amurka sun nuna cewa waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan nauyin gaɓa take tsayuwa, watau jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Bahaushe yakan yafe wa mawaƙi idan ya ɗan lanƙwasa muryar kalma, amma karyewar ma'auni nan da nan kunne ke kama ta. Bugu da ƙari, waƙar Hausa yawanci murya ɗaya ake bi, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, ba a raba ta huɗu. Kukuma da goge kuma suna da wata zamiya tsakanin sauti da sauti wadda fiyano ba ta da wurinta.

Yadda magabata suka koya daban ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi, ya bi mahaifinsa, ya bi wansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya. Yaron makaɗi da ɗaukar kaya yake farawa. Ya daɗe yana saurare kafin a bar shi ya yi amshi, ya daɗe yana amshi kafin a yarda ya yi ƙari a kan abin da jagora ya faɗa. Idan makaɗin fada zai shirya sabuwar waƙa, sai ya zauna da yaransa a fara kafa gindin waƙa, a yi ta juya shi da kotso ko taushi har ya zauna daram, sa'an nan a riƙa ɗora masa ɗiya. Dole ya san asalin ubangidansa, da kakanninsa, da kirarinsu, da wanda za a yi wa habaici ba tare da an kama suna ba. Babu takarda, babu maki. Jarrabawarsa ranar salla ce a ƙofar fada, kuma in ya faɗi kowa ya gani.

Ba kowa ne ya gada ba. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma ya yi, har ya shahara da ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a. Wannan baiwa ce, babu jami'ar da ke raba ta. Sai dai hanyar gargajiya tana da nata rauni. Waƙa a ƙirjin mai ita da yaransa take zaune, in sun kau ta bi su. Abin da ya rage na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, shi ne abin da Allah ya sa aka ɗauka a faifai, sai ɗan abin da tsofaffi suka riƙe.

Jami'o'in Arewa ba su yi barci a kan waƙa ba, amma ta ƙofar sashen harsuna ta shiga musu. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dokta a Jami'ar Indiana a 1975 a kan mawaƙin baka na Hausa, kuma Shata ya ɗauka misali. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma tsara hanyar nazarinsu. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dokta. A Kano da Zariya da Sakkwato ɗalibi zai koyi turke, da zuga, da zambo, da salon sarrafa harshe. Zai koyi arulin Larabawa mai bahari 16 da yadda marubuta waƙoƙin Hausa suka ɗauki irin su kamil da mutaƙarab da ramal suka yi gini a kai. Aiki ne babba. Amma manazarci ake yayewa, ba mawaƙi ba. Akan rubuta kalmomin waƙa tsaf a takarda, kalangun da ya ɗauke su kuwa a bar shi a cikin kaset.

Ke nan abin ya rabu biyu. Kudu na koyar da yadda ake shirya kiɗa, amma Hausa baƙuwa ce a ajin. Arewa ta san cikin waƙar Hausa, amma ba kasafai take koyar da rubuta kiɗanta ba. A tsakani kuma ga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna da Jos, inda yawancin waƙoƙin fim da na biki da na siyasa ke fitowa. Yaro ya zo da baitocinsa a littafi ko a waya, mai fiyano ya haɗa masa kiɗa da kwamfuta, kafin yamma an gama. Akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, kuma sun iya kama zuciyar matasa. Sai dai duk mai saurare ya san sau da yawa kiɗa guda ne ake canza wa riga.

Wanda ya fi kowa damar haɗa biyun nan shi ne yaron Sabo. Makarantun suna ƙofar gidansu, Hausa kuma a nono ya sha ta. Abin tsoron kawai shi ne Hausar tasa ta zama ta cefane, wadda ba ta san karin magana ba balle habaici. In haka ne, zai fito da digiri ya iya shirya waƙa a kowane salo ban da na gidansu. Maganin wannan ba a aji yake ba. Yana wurin tsofaffin unguwa, da faifan Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge, da zauren malamin da ke biya Ishiriniya, don yaron da ya saba jin ta ma'aunin waƙa ya riga ya shiga kunnensa tun bai san sunansa ba.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Yawancin 'yan ajin da zai tarar a ƙungiyar mawaƙan coci suka taso, sun iya do-re-mi tun suna yara, saboda haka shi a baya zai fara, sai ya ninka ƙoƙari. Wani kaso na waƙoƙin da ake koyon haɗa muryoyi da su ma na coci ne, domin a can wannan fasaha ta girma a Turai. Gara a san da haka tun a gida, a yi shawara, da a ji shi bayan an biya kuɗi. Aiki kuwa akwai koyarwa, da badujalar soja da ta 'yan sanda, da gidajen rediyo da talabijin, da kiɗan fim da na talla, amma takardar ba ta yi wa kowa alkawarin suna ko kuɗi ba. Abin da take ba mutum shi ne ya rubuta abin da ya ƙaga da sunansa a kai, ya kuma san haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a 2023. Mawaƙan Hausa da yawa sun mutu ana sayar da muryarsu a tasha ba su ga ko kwabo ba.

Hanyar shiga ita ce ta kowa, watau jarrabawar JAMB da sakamakon sakandare mai kyau, har da Turanci. Sassan kiɗa da dama sukan ƙara da gwajin murya ko na abin kiɗa kafin su karɓi ɗalibi, kuma sharuɗɗan sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a je a tambaya da baki. Yaron da makarantarsa ba ta koyar da kiɗa yana iya fara share fage a cibiyar MUSON da ke Onikan a Ikko, wadda ke ba da darussa da jarrabawa mataki-mataki. Na Badun kuma akwai sashen fasahar kiɗa a kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, inda ake yin difloma.