Farar ƙasa a bangon madafa: dabarar Arewa da ke maganin danshin Legas

A Ingila da Amurka, masu gidaje kan shafe jan bulon murhun ɗumama ɗaki da farar ƙasa domin ya yi haske. Legas ba ta da sanyin da zai sa a gina irin wannan murhu, amma mazauna Zangon Agege da Ilupeju suna da kwatankwacinsa: bangon madafa da hayaƙin gawayi ya baƙanta, danshi kuma ya lalata masa fenti.

Shafen farar ƙasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A Kano da Zariya da Katsina, mata sun daɗe suna shafe ɗakuna da ita gab da Sallah ko ranar jeren amarya. Sai dai iri biyu ce. Akwai farin yumɓu, irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, wanda ruwa ke wankewa cikin sauƙi. Akwai kuma wadda ake samu daga dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Ewekoro a Jihar Ogun da na Kalambaina a Sakkwato. Ana ƙona dutsen a zafin da ya kai kimanin digiri 900, a jiƙa shi da ruwa, sannan a sayar da garinsa a buhu. Wannan ta biyun ce ta dace da Legas.

Dalili shi ne, idan aka shafa ta, takan zuƙi iskar kabon da ke cikin sarari, ta sake komawa dutse a jikin bango. Ba ta toshe ƙofofin bulo, saboda haka danshin da ke ciki yana samun hanyar fita. Fentin mai kuwa rufe bango yake yi ruf, sai ruwan da ya maƙale ya kumbura shi ya ɓare. Bugu da ƙari, kaifinta yana hana fumfuna yaɗuwa, kuma ba ta kamawa da wuta.

Aikin yana farawa da wanki. A goge baƙin hayaƙi da maiƙo da burushi mai ƙarfi da ruwan sabulu, domin duk abin da aka bari zai ɓullo ta cikin farin. Inda akwai tsohon fentin mai, dole a kankare shi, don farar ƙasa ba ta kama shi. Daga nan a dama garin da ruwa ya tsinke kamar madara, a yayyafa wa bangon ruwa, sannan a shafa da faffaɗan burushi. Shafin farko kan yi kamar ba a yi komai ba, sai ya bushe farinsa ke fitowa. Shafi uku marasa kauri, da tazarar kwana guda a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri, wanda kan tsattsage.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A guji watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a Legas, kuma kada a yi shafi a bangon da rana ke duka kai tsaye ko wanda murhu ya ɗumama, domin saurin bushewa na mayar da ita gari.

Akwai haɗari da ya kamata a kiyaye: tana cin fata, kuma tana iya yi wa ido mummunan lahani. A sa safar hannu da tabarau, a nisanta yara daga bokitin. Idan ta fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Farar ƙasa ba ta gyara rufin da ke yoyo ko famfon da ya fashe cikin bango. Wannan sai an fara magance shi. Ɗan haya kuma ya nemi amincewar mai gida tukuna. Bangon da ke kusa da murhu zai buƙaci sabon shafi kusan kowace shekara, kamar yadda iyaye ke yi kafin Sallah.