Yadda kwamfutar gida za ta yi shiru idan ɓarayin intanet sun yi sallama

Duk kwamfutar da ta hau intanet tana da ƙofofi na lamba, daga 0 har 65535, kuma kowace hidima da tata ƙofa. Shafukan intanet suna bi ta 80 da 443, musayar fayil tsakanin na'urorin Windows ta 445, sarrafa na'ura daga nesa kuma ta 3389.

To, akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin na'urori ɗaya bayan ɗaya, suna sallama a waɗannan ƙofofi. Ba ruwansu da ko kana Maraɗi ko Damagaram, ƙofa buɗe kawai suke nema. Amsa uku na'ura ke iya badawa: ko ta ce a shigo, ko ta ce ƙofar a rufe take, ko ta yi gum. Wadda ta ce a rufe take, ai ta riga ta nuna akwai mutane a gidan. Shirun nan shi muke so, kuma aikin katangar tsaro ne, wadda ke rubuce da sunan pare-feu a na'urorinmu masu Faransanci.

Kada a ɗauki abin wasa. A watan Mayun 2017, cutar WannaCry ta shiga ta ƙofa 445 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, aka ce sai an biya kuɗi.

A Windows, katangar tana yin shirun da kanta muddin tana kunne. Matsalar ita ce sau da yawa mai gyara yakan kashe ta don ya saka manhajar sata, ya miƙo maka na'urarka haka nan. Saboda haka a shiga Sécurité Windows, a danna Pare-feu et protection du réseau, a tabbata duka ukun da ke wurin suna kunne. In za a hau wifi na otal ko na gidan intanet, a zaɓi Réseau public, domin shi ke hana maƙwabcinka na kan wifi ɗin ganin fayilolinka. Masu Mac kuwa sai sun kunna mode furtif da hannunsu a cikin saitin katangar.

Sai akwatin wifi na gida, wanda shi ne ƙofar zaure. A canza lambar sirrin da ya zo da ita, a kashe sarrafawa daga nesa, a kashe UPnP, tun da shi ke bai wa manhajoji damar buɗe ƙofa ba da izininka ba.

Don gwaji, akwai ShieldsUP a shafin grc.com, kyauta ne: kore shiru, shuɗi a rufe, ja a buɗe. Amma mai amfani da intanet na salula ya sani, galibi ƙofofin kamfanin waya ake gwada masa, ba nasa ba.

Mu dai a ganinmu, launin ja ne abin tashin hankali, shuɗi da sauƙi. Kuma shiru ba ya toshe ɓarakar tsohuwar manhaja: Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, alhali har yanzu muna ganinta a ofisoshi da shaguna.