Kamun Ƙafa a Zaɓen Alƙalan Kotun Duniya

Alƙalai 15 ne ke zama a Kotun Duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holan, kuma babu wanda iliminsa kaɗai ya kai shi can. Duk bayan shekara uku ake zaɓen biyar, kowa ya yi shekara tara. Sai ɗan takara ya sami rinjaye a wuri biyu: ƙuri'a 97 cikin 193 a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, da 8 cikin 15 a Kwamitin Sulhu, inda a wannan zaɓe babu hawa kujerar naƙi. Masu jefa ƙuri'ar kuwa jakadu ne, umarnin gwamnatocinsu suke bi. Don haka ƙasar da ta tsayar da mutum ta koma ta naɗe hannu, wai cancanta za ta yi aikinta, ta yaudare shi ne kawai.

A duba abin da ya faru a 2017. Kujera ɗaya ta rage, Dalveer Bhandari na Indiya da Christopher Greenwood na Birtaniya suka yi ta fafatawa zagaye bayan zagaye. Kwamitin Sulhu na bayan Greenwood, Babban Zaure na bayan Bhandari, aka rasa mafita. Babu mai shakkar ƙwarewar Greenwood a dokokin ƙasa da ƙasa. Amma Indiya ta bi ƙasashen Afirka da Asiya lungu-lungu tana neman goyon baya, har Birtaniya ta ga ba sarki sai Allah ta janye. Karo na farko ke nan tun 1946 da kotun ta zauna babu ɗan Birtaniya. A 2023 Rasha ma ta rasa tata kujerar.

Masu suka na cewa wannan ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda: ka zaɓi nawa a kotu, in zaɓi naka a wata hukuma, kuma alƙalin da aka roƙar wa ƙuri'a zai ji ana bin sa bashi. Akwai gaskiya a rabin farko na maganar, musayar ƙuri'a na iya ture wanda ya fi dacewa. Maganinsa shi ne a tace ɗan takara tun daga gida, kada a ba ɗan lele. Rabi na biyu kam bai tsaya da ƙafarsa ba. A Janairun 2024, cikin ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila, Mai Shari'a Julia Sebutinde 'yar Uganda ta ƙi amincewa da duk matakan gaggawa da kotun ta ɗauka, har gwamnatin Uganda ta fito ta ce ra'ayin ba nata ba ne. Ko ka yarda da hukuncinta ko ba ka yarda ba, ya nuna alƙali ba jakada ba ne.

Nijeriya, wadda wannan kotu ta yanke wa hukunci kan Bakassi a 2002, ta taɓa ba ta shugaba, Taslim Elias, daga 1982 zuwa 1985. Tun da wa'adin Mai Shari'a Bola Ajibola a kotun ya ƙare a 1994, an shafe sama da shekara 30 ba a sake zaɓen ɗan Nijeriya ba. Masana shari'a ba su ƙare a ƙasar ba. Kamun ƙafa da wuri, tun daga ƙungiyar Tarayyar Afirka, shi ne aikin da ke jiran ma'aikatar harkokin waje.