Me Ya Sa Hilux Ke Ƙara In An Sa Mata Ogzilari a Kan Kwalta?

In kana zaune a Sabon Garin Wudil, ka san akori-kura na taka ƙasa iri uku a rana ɗaya: kwaltar titin Kano zuwa Maiduguri, yashin bakin kogi, da taɓon hanyoyin ƙauye da damina, musamman ranar Juma'a da ake cin kasuwar shanu. Shi ya sa motoci irin su Toyota Hilux ke da wata ƙaramar giya, ko wani maɓalli a sababbin, mai ɗauke da H2, H4 da L4. Direbobi na kiranta ogzilari. Yawancin ƙarar da kake ji wajen canza ta na da dalili, kuma sanin dalilin zai rage maka zuwa wurin bakanike.

A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfin inji. A H2, tayoyin baya ne kawai ke tura mota. A H4, akwatin yana ƙulle farfelar gaba da ta baya su riƙa juyawa da gudu ɗaya. L4 ma haka ne, sai dai ana rage gudun kusan sau biyu da rabi, ƙarfin juyin kuma ya ninka daidai da haka. Ita ce ta fita daga zurfin yashi ko hawan tudu da kaya.

To ina matsalar? In mota na kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. Tsakanin tayoyin gaba da na baya na Hilux kusan mita 3 ne. Ka ɗauka tayoyin baya na zagaya wani wuri daga nisan mita 5. Na gaba za su zagaya shi daga kusan mita 5.8. In ka juya mota ta koma inda ta fito, gaba ya fi baya tafiya da sama da mita biyu da rabi, alhali an ƙulle su tare. A yashi ko taɓo taya za ta ɗan sulɓe, magana ta ƙare. A busasshiyar kwalta ba ta sulɓewa cikin sauƙi, sai ƙarafan su murɗe kamar igiya. A nan ne sitiyari ke yin nauyi, tayoyi na kuka, mota na tsalle-tsalle. Tayoyin da girmansu ya bambanta, kamar sabuwa a gaba da tsohuwa a baya, kan jawo wannan ko a miƙaƙƙen titi.

Yanzu ga yadda za ka bambance ƙarar. Ƙwas sau ɗaya lokacin shiga H4 ko L4 ba komai ba ne, haƙoran giya ne suka shiga juna. Gurza mai kama da ta injin niƙa wajen shiga L4 na nufin ƙarafan na juyawa kana tilasta musu haɗuwa. Tsaya cak tukuna. Bugu mai ƙarfi wajen komawa H2 murɗewar nan ce ta saki. Ƙas-ƙas-ƙas da ke zuwa duk lokacin kwana, ko a H2, galibi gaɓar shaf ɗin tayar gaba ce ta ci, sau da yawa saboda robarta ta yage, yashi ya shiga. Wannan kam sai bakanike.

Ƙa'idar canjin ba wuya. Daga H2 zuwa H4, a Hilux na zamani kana iya yi mota na tafiya: miƙe sitiyari, ka ɗan sassauta totur, kada ka wuce gudun da littafin motar ya iyakance, kuma kada ka yi yayin da tayoyin baya ke juyawa a banza cikin taɓo. Shiga L4 ko fita daga ita kuwa sai ka tsaya, ka taka burki, ka sa firi in otomatik ce, ko ka taka kuloci har ƙasa in mai giyar hannu ce. In giyar ta ƙi fita daga H4, ko fitilarta na ta ƙiftawa, kada ka yi kokawa da ita. Ja da baya 'yan mitoci a miƙe, murɗewar za ta warware.

Abu na ƙarshe: barin ogzilari shekara guda ba a taɓa ba shi ma illa ne. Toyota na ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da tayoyi huɗu kowane wata don mai ya ratsa ƙarafan gaba. Ka yi hakan a hanyar ƙasa, da ka hau kwalta kuma ka mayar da ita H2.